Zoɓon Inna a Teburin Lawban

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Laraba a Guangzhou ta ƙasar Sin ba, duk da na sha roƙon Allah Ya mantar da ni ita. Ranar ce na kushe aikin hannun mahaifiyata da harsuna biyu, a gaban yayana da baƙi, ina murmushi ina jin na burge.

Shekarata goma sha ɗaya a garin nan. Aikina rakiya: ɗan kasuwa ya zo daga Kano ko Maraɗi, in tarbe shi a filin jirgi, in kai shi masana'anta, in yi masa tafinta, in tsaya a kan kayansa har a loda. A wannan yawon na kamu da ciwon shayi. Mutanen nan ba sa fara maganar ciniki sai an zauna gaban wani tiren katako, mai gida ya tafasa ruwa, ya ɗauraye wasu kofuna da ba su fi rabin ƙwai ba, ya zubar da jiƙon farko, sannan ya zuba wa kowa. Da farko haƙuri nake in haɗiye, don ba madara ba sukari. Daga baya abin ya shige ni. Na sayi nawa tiren da butocin yumɓu. Na koyi shinshina murfi, da juya shayi a baki kafin a haɗiye, da ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu in an zuba mini, wanda shi ne godiyarsu. Ranar da ba ni da baƙo, kasuwar ganyen shayi nake wuni, ina musu da tsofaffin da suka haife ni a kan wane dutse ya fi wane ganye. ’Yan uwanmu suka sa mini suna Malam Shayi (su tsokana suke yi, ni kuwa na ɗauke shi sarauta).

Son shayi ba laifi ba ne. Laifina shi ne abin da na raina saboda shi.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Gumel. Mahaifiyarmu, Inna, kowace damina sai ta zagaye gonar gero da yakuwa. In kaka ta yi ta tsinke zoɓon, ta ɓare shi ɗaya bayan ɗaya har yatsunta su rine, ta shanya a tabarma a bayan ɗaki. Da shi ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Takan dafa da citta da kanumfari, ta ƙulla a leda, ta zauna a ƙofar makarantarmu. Yara suna kirana ɗan mai zoɓo. Ba wanda ya taɓa dukana a kan haka, amma sunan ya zauna mini a ƙirji, kuma tun ranar da na bar gida ban ƙara sa zoɓo a bakina ba. In an miƙo mini a wajen biki sai in ce yana tayar mini da gyambon ciki. Ba ni da gyambon ciki.

Inna kuwa ba ta fasa ba. Kowace shekara sai ta nemo mai zuwa Sin, ko ta hannun mutum uku ne, ta ba shi ƙunshin zoɓo ya kawo mini. Ni kuma in ɗora a saman kabad. Garin nan akwai lokacin da bango da kansa yake gumi saboda laima, don haka kafin wata biyu zoɓon ya yi fumfuna, in kai shi bola. In ta kira ta ce, “Autana, saƙo ya iso?” sai in ce ya iso. Ta ce, “Ya yi daɗi?” In ce, “Sosai ma, Inna.” Shekara goma ina wannan ƙaryar, har ta zame mini kamar amsa gaisuwa.

Inna ta rasu wata biyu bayan girbi. Kafin in sami jirgi an kai ta makwancinta. Na ce zan je sadakar arba'in, takarduna suka riƙe ni. Na ce zan je bayan an sabunta su, sai ga lokacin babban baje kolin Pazhou ya matso, lokacin da irinmu ba sa samun sararin sosa kai. Haka na yi ta ɗagawa, kowane dalili gaskiya ne, amma in ka tara su sai su ba ka mutumin da bai je ta'aziyyar uwarsa ba.

Ana cikin haka Yaya Habu, babban wanmu, ya ce zai zo baje kolin. Injinan ban-ruwa yake sayarwa manoman rani, yana so ya ga masana'anta da idonsa. Yaya mutum ne mai ƙarancin magana. Bai taɓa ce mini “ba ka kyauta ba” a kan rashin zuwana, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Sai na ƙudurta zan nuna masa cewa zamana a nan ba banza ba ne, in ya ga yadda masu masana'antu suke tashi tsaye in na shigo, ƙila ya yafe mini ba sai na roƙa ba. Yafiyar nan nake nema, amma ta hanyar burga.

Ranar da ya sauka, bayan ya yi wanka ya ci abinci, ya buɗe jakarsa ya fito da wani ƙunshi a tsumman atamfa, ya miƙo mini da hannu biyu. Tun kafin in karɓa na ji ƙamshin.

Na ce, “Haba Yaya, har yanzu? Ka tsallako duniya da zoɓo? Da ka bar wa kanka wurin takalmi.”

Ya buɗe baki kamar zai yi magana, na tare shi. Na ce, “Zo ka ga abin sha na gaske.” Na jawo shi gaban tirena na yi masa wa'azin ganye na kusan awa guda. A zatona a kasuwa ya saya don kada ya zo hannu rabbana. Ban tambaya ba, ban ko kalli tsumman ba. Na ajiye ƙunshin a kan katakon takalma a bakin ƙofa. Kwana uku yana nan, muna wucewa ta kansa safe da yamma. A rana ta huɗu na ga babu shi, na ji sanyi a raina, na ɗauka Yaya ya gane ya mayar jaka.

A Pazhou na haɗa Yaya da Lawban Liang. Lawban shi ne mai gida a bakin mutanen nan, mu ma haka muke kiransu. Dattijo ne mai masana'antar injinan ruwa, mun yi shekara shida muna hulɗa, kuma shi ya fara koya mini shayi. Ranar na bar Yaya a rumfarsa kusan awa biyu, na kai wani baƙon wani zauren. Da na dawo na tarar da su zaune da waya a tsakaninsu, irin wadda ake yi wa magana ta fassara, Lawban yana riƙe da hannun Yaya. Na ce a raina ciniki ya faɗa. Lawban ya gayyace mu ofishinsa a Tianhe ranar Laraba, ya ce yana da abin da zai dafa mana.

Muka je mu uku, da Alhaji Isuhu, wani dattijon ɗan kasuwa daga Maraɗi da ya daɗe yana saye ta hannuna. A cikin jirgin ƙasa na yi ta yi musu bita: kada a shanye a kurɓi ɗaya, kada a nemi sukari, in an zuba a ƙwanƙwasa tebur. Alhaji Isuhu ya ce, “Malam Shayi, shayi za mu sha ko jarrabawa za mu zauna?” Yaya dai yana kallon taga.

Lawban ya karɓe mu da kyau. Ya dafa mana ganye kala biyu, kowanne ina shinshinawa, ina lumshe ido, ina faɗin sunansa kafin ya faɗa. Na canka duka biyun daidai (da na kuskure ko ɗaya, da ƙila na yi laushi, amma Allah Ya bar ni da kaina). Lawban yana yaba ni, ni ina fassara wa Yaya yabon, har da ɗan ƙari.

Sai ya tashi ya canza buta, ya ɗauko ta gilashi. Ya juya mana baya ya ɗebo wani abu daga gwangwani ya zuba, ya kwarara ruwan zafi. Ruwan ya fara rinewa a hankali har ya yi ja wur. Ya zuba wa Yaya da farko, da hannu biyu, sannan Alhaji, sannan ni. Ya zauna yana kallona.

Ba zan yi ƙarya in ce ban gane dangin abin ba. Na san mutanen kudancin Sin ma suna shan furen yakuwa, suna da sunansu na daban mai daɗin faɗa, ana sayar da shi a kwalabe masu kyau. Na ɗauka irin nasu ne, Lawban ya kawo don ya gwada ni. Na ɗaga kofin na duba launi a hasken taga. Na kurɓa. Wallahi ban taɓa jin abu mai tsabtar ɗanɗano irinsa ba: tsami ne da farko, sannan wani ɗan zaƙi ya biyo baya can ƙasan harshe, ba ɗaci, ba ƙasa-ƙasa. Da na tsaya a nan da an rabu lafiya.

Na gyara zama na ce wa Lawban da harshensu, “Wannan na kan dutse ne, daga gani an tsince shi da hannu. Mu ma a ƙasarmu muna da wani mai kama da shi, amma ba a haɗa su. Namu abin talakawa ne. A ƙasa ake shanya shi, awaki na bi ta kai. Tsofaffin mata ke dafawa su cika shi da sukari don a ɓoye ɗanɗanon, su ƙulla a leda su sayar wa yara a bakin hanya. Ni ko kyauta aka ba ni ba na sha.”

Na ga murmushin Lawban ya tsaya, amma na ɗauka kunyar yabo ce. Kuma don kada Yaya ya yi asarar wannan hikima, na juya na maimaita masa da Hausa, kalma bayan kalma. Har na ƙara da cewa, “Ka ji bambanci, Yaya? Wannan shi ne abin da zoɓo yake so ya zama.”

Yaya ya ajiye kofinsa a hankali. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Na Inna ne, Auta.”

Na ce, “Na'am?”

“Wanda na kawo maka ne. Na bana. Shi ta tsinka na ƙarshe, ta ƙulle da hannunta ta ce naka ne.”

Alhaji Isuhu ya sunkuyar da kai ya ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un,” a hankali, kamar yanzu aka yi rasuwar. Lawban ba ya jin Hausa, amma ya ga fuskokinmu. Ya ce mini, cikin taushin murya, “Ɗan'uwanka ya gaya mini mahaifiyarku ce ta noma, kuma ta rasu. Na zaci ka sani. Na ajiye shi a ƙarshe ne don in girmama ta.” Ya miƙa hannu bayan tiren ya ɗauko tsumman atamfar, a ninke tsaf. Sai a lokacin na kalle shi. Yankin tsohon zanenta ne, shuɗi mai zanen ganye, wanda take ɗaurawa in za ta gona.

Ana cewa mutum ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. A hawa na ashirin da uku muke, ko ƙasar ma ta yi mini nisa. Kofin yana hannuna, da sauran kurɓi ɗaya a ciki, na rasa in sha ko in ajiye. Lawban, Allah Ya saka masa, ya ƙara wa kowa, ya ɗaga nasa kofin da hannu biyu ya ɗan rusuna wajen Yaya. Yaya ya ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, yadda na koya masa a jirgi. Wannan ƙwanƙwasawar ta fi mari zafi.

A hanyar komawa, Alhaji Isuhu ya sauka tasha biyu kafin tasa, ya ce yana da wanda zai gani (ba shi da kowa a unguwar, ya ba mu wuri ne). Da muka shiga gida na tsaya a bakin ƙofa ina kallon katakon takalman nan. Na ce, “Yaya, me ya sa ba ka gaya mini ba?”

Ya ce, “Na buɗe baki, ka ce in zo in ga abin sha na gaske.”

“To me ya sa ka bayar?”

“Kwana uku yana kusa da takalma. Na ga zai lalace. Na ce gara wanda zai sha ya ji daɗi, ladan ya isa gare ta.”

Na durƙusa a gabansa, abin da rabona da yi tun ina yaro. Na ce ya yafe mini, da na yau da na rashin zuwa. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka kira ni aka gaya mini rasuwar. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya dafa kafaɗata ya ce, “Ni ba ka yi mini komai ba. Tashi ka yi mata addu'a.”

Washegari na yi abin da a wajenmu da wajen mutanen nan duka abin kunya ne: na koma roƙon a dawo mini da kyautar da aka riga aka bayar. Tun a lif nake haɗa jawabi. Ban samu na yi shi ba. Ina shiga Lawban ya miƙo mini gwangwanin, da tsumman a ɗaure a kansa, ya riga ya shirya. Ya ce ya ɗebi kaɗan ya kai wa tasa mahaifiyar, tana da shekara tamanin da wani abu, in ban damu ba. Sannan ya ce, “Abu ɗaya ka faɗa daidai jiya. Da hannu aka tsince shi. Na duba, ko tsinke ɗaya babu a ciki.”

Abin da ya rage bai fi cikin tafi uku ba. Na kawo gida na ɗauko butar gilashina, Yaya ya ce in mayar. Ya sa na nemo citta da kanumfari a shagon wani ɗan Nijar, ya ɗora tukunyar da nake dafa taliya, ya dafa ɗan kaɗan yadda take yi, ya tace da rariya, ya zuba sukari ba awo. Muka bari ya huce. A kofin roba muka sha, a zaune a ƙasa, tiren katakona yana gefe ba mai kallonsa. Kurɓin farko ya mayar da ni ƙofar makaranta, na gan ta a kan ’yar kujerarta tana kora ƙudaje da gefen mayafi, tana leƙen fitowata don ta ba ni wanda ta ɓoye mini a ƙasan bokiti, mai sanyin.

Yaya ya ce, “Akwai saƙo da ta haɗa da shi. Ta ce a gaya maka na bana ya fi tsami, ka ƙara sukari.”

Na ce, “Yaya, ban taɓa shan ko ɗaya ba. Duk wanda ta aiko. Ƙarya nake yi mata.”

Ya ce, “Ta sani.”

Na ɗago na kalle shi.

“Tun shekara ta biyu ta sani. A shekarar ce ruwa ya yi yawa, zoɓon bai yi kyau ba, mu kanmu ba mu iya sha ba, ka ce mata ya yi daɗi sosai. Ta ajiye waya tana dariya. Na ce to ta daina wahalar da kanta mana. Ta ce, in na daina aika masa, me zan riƙa tambayarsa in na kira?”

Yaya ya koma gida da injinansa bayan mako guda, ni kuma na bi shi da wata ɗaya, na je na tsaya a kan kabarinta. Sauran zoɓon yana nan a gwangwanin Lawban, na naɗe bakin da leda saboda laima, kuma shi ne a saman kantar da nake jera ganyayena masu tsada. Har yanzu ina shan shayi, har yanzu ana kirana Malam Shayi, sai dai Alhaji Isuhu in ya zo yakan ce, “A ba mu na kan dutsen nan,” mu yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba.

An ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Nawa hakin shekara goma yana zuwa har ƙofata a ƙunshe, ban tanka masa ba sai da wani ya zuba mini shi a kofin da bai fi rabin ƙwai ba. Yanzu in an miƙo mini abu, kafin in buɗe bakin nan nawa mai ilimi, nakan fara tambaya wa ya aiko.